Ranar da Baba Kushe Ya Yi Yabo

Mahaifina mai duba dawakin sukuwa ne, kuma na girma ban tabbatar ko yana son mu ba. Ba duka yake yi ba, ko tsawa ma bai cika yi ba. Bakinsa ne matsalar. A filin sukuwa kowa Baba Kushe yake ce masa, har waɗanda suka girme shi, domin babu abin da zai gifta ta gabansa bai samo masa aibu ba. Mu ma a gida idan ya fita haka muke kiransa, Inna tana hararar mu tana danne dariya.

Da ƙuruciyarsa mahayi ne. Sai jiki ya zo masa, sikeli ya ƙi shi, ya sauko daga kan sirdi. Tun daga nan aikinsa shi ne idan gasa ta matso, mai doki ya kira shi barga ya ce, "Baba, duba min, zai yi ko ba zai yi ba?" Na ga aikin nan da idona ba adadi, saboda shagon ɗinkina yana bakin ƙofar bayan filin, kuma ni ke ɗinka wa mahaya rigunan hawa.

Ba ya fara da kallon dokin. Komin abinci yake fara leƙawa ya ga ko an bar saura. Ya sa takalmi ya farfasa kashin da dokin ya yi da safe, ya sunkuya ya shinshina. Sai ya sa a ja dokin a kan ƙasa mai tauri, shi kuma ya juya baya ya rufe ido yana sauraron saukar kofato. Idan an dawo daga gudun safe ya tsaya daf da hancin dokin ya ji yaushe hakin zai lafa. Ya tambayi nisan da ya yi a gasar baya, da wa ya kara, ƙasar busasshiya ce ko jiƙaƙƙiya, ya ƙare da ƙarfinsa ko ya tsinke a kwanar ƙarshe. Daga nan ya durƙusa ya bi ƙafafun huɗu da tafin hannu, daga gwiwa zuwa kofato, a hankali kamar mai neman allura a katifa.

Duk wannan ba shi ne abin ruɗani ba. Hukuncin ne. Idan doki ya shirya tsaf, sai Baba ya miƙe yana yatsina ya ce wuyansa gajere ne, ga ƙyuya, ga ido kamar na mai jin barci. Idan kuwa doki ba shi da ta cewa, sai ka ji, "Ma sha Allah, gashi yana sheƙi, Allah ya sa albarka." Mai dokin da ya ji haka ya san gara ya mayar da abinsa gida.

Inna ta ce abin yana da asali. Katangar barga gajera ce, kuma 'yan bargar maƙwabta kunnuwansu a miƙe suke. Da zarar an ji dokin wane ya shirya, sai sauran mahaya su haɗa baki su matse shi a jikin shinge. Shi ya sa Baba ya fara ɓoye doki mai kyau a cikin kushe. To amma shekaru sun tafi, har mai sayar da ruwa a bakin fili ya gane dabarar, ba ta ɓoye komai kuma. Shi dai ya kasa dainawa, mutane kuma sun saba, har daɗin abin suke ji. Kuma abin da ya ƙara ɗaure kai, bai taɓa yin ƙarya ba. Dokin da ya ce wuyansa gajere ne, je ka auna, gajeren ne. Wanda ya ce gashinsa yana sheƙi, yana sheƙin.

Da a fili abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma har cikin gida yake shigowa da shi. Ya ce gishiri ya so ya yi yawa, sannan ya miƙa kwano a ƙaro. Ranar da ya ce, "Abinci ya yi daɗi, sannu da aiki," Inna ta koma kicin da sauri ta ɗanɗana, ashe miyar ta kama. Wani saurayi ya taɓa zuwa nemana, Baba ya ce yaro ne mai hankali ga ladabi, ban sake ganin ƙeyarsa ba, Inna ta sallame shi. Wanda na aura kuwa cewa ya yi dogo ne marar amfani, tafiyarsa kamar aron ƙafa ya yi. Inna ta ce in gode wa Allah, na samu miji. Ni kuma na shiga ɗaki na yi kuka, don ban san ta ina zan kama zancen ba.

Wanda ya fi kowa shan bakin Baba shi ne ƙanena, Auta, da ya gaji hawa. Kullum ya sauko daga doki abin da yake ji ke nan: "Kana zama a kan doki kamar buhun siminti. Dubi gwiwar hannunka, tashi za ka yi?" Da wani ne, da tuni ya bar sana'ar. Auta kuwa da wannan yake ƙoshi. Ranar da aka zage shi sosai, da fito yake shigowa gida.

A shekarar da nake ba da labari, wani ɗan kasuwa da ake kira Mai Fenti ya sayo jan doki, siriri mai dogayen ƙafafu. Baba ya dube shi sau ɗaya ya ce wannan ai kunkuru ne, sunan kuwa ya bi shi. Kunkuru ya fara da zuwa na uku a jiƙaƙƙiyar ƙasa, da rani ya shigo ƙasa ta bushe sai ya shiga cinye ƙananan gasa, kuma yana isa layin ƙarshe da sauran ƙarfinsa. Da babbar gasar ƙarshen shekara ta matso, Mai Fenti ya ce Auta ne zai hau shi. Auta ya daɗe yana hawan dawakin da ba mai so, wannan ne karon farko da aka ɗora shi a kan doki mai ci a babbar rana. Ni aka ba ɗinkin rigar, rawaya mai koren hannu.

Ana saura kamar mako guda na kai rigar barga don ya gwada. Na tarar da Baba a durƙushe gaban Kunkuru, hannunsa a bayan ƙafar gaba ta hagu, ƙasa da gwiwa kaɗan. Ya daɗe a wurin. Ya saki ya kama ta dama, ya sake dawowa ta hagu. Mai Fenti yana tsaye yana kaɗa makullin mota, Auta yana jingine da ƙofa.

"Alhaji," in ji Baba, "jijiyar nan da zafi. Kada dokin nan ya yi gudu."

Mai Fenti ya washe baki. "Ko, Baba?"

"Ba wasa nake ba. Idan ta tsinke ana tsakiyar gudu, da shi da wanda ke kansa ƙasa za su zo, sauran dawaki su bi ta kansu."

"Allah ya kiyaye," in ji Mai Fenti, yana ƙyafta wa Auta ido. 'Yan barga suka fara taɓa juna, ɗaya ya sulale waje, na san labari ya tafi kaiwa.

Auta ya ja ni gefe, fuskarsa kamar an kunna fitila. "Yaya, kin ji? Tunda nake ban taɓa jin ya kushe doki haka ba. Har da faɗuwa ya sa a ciki."

Na juya na dubi Baba ko zan karanci wani abu. Fuskarsa ita ce dai ta kullum, a ɗaure, kamar wanda aka taka wa ƙafa. Da ita yake yabo, da ita yake kushe, da ita ya je ɗaurin aurena.

Don a fita hakki, Mai Fenti ya kira likitar dabbobi da rana. Mace ce mai natsuwa, Baba ma yana ganin girmanta, shi ya sa yake cewa hannunta ya cika sanyi. Ta matsa jijiyar, ta sa aka yi sassarfa da dokin, ta ɗora na'ura ta duba ciki, ta ce ita ba ta ga komai ba. Baba ya durƙusa ya taɓa, ƙafar kuwa sanyi ƙalau. Ya ce ɗazu da zafi. Ta ce zai yiwu, a ci gaba da lura. Washegari da safe ya ce zafin ya dawo, kafin a kira ta zafin ya sake tafiya.

A gida ya ci abinci bai ce komai a kai ba, abin da ya fi komai tayar wa Inna da hankali. Da yamma na biyo bayan na rufe shago, na same shi a tsakar gida yana kallon tafin hannunsa.

"Baba, don Allah ka faɗa min ni kaɗai. Dokin nan ɓoye shi kake yi, ko da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Haka ka ce lokacin mijina."

"Shi ma da gaske ne. Har gobe tafiyarsa ba ta gyaru ba."

Ka ji fa. Na rasa ko in yi dariya ko in ɗora hannu a ka. Ya gaya mana har rantsuwa ya yi wa Mai Fenti, shi kuwa ya ce, "Na yarda ka ji zafi, Baba, ai kai ba ka ƙarya. Bara ma ka rantse farin dokina yana tari, kuma yana yi, da tarin nasa ya ci gasa."

Inna ta ajiye tsintar shinkafar da take yi. "To, Malam, ka yabe shi mana. Tunda da yabo suke jin ka, yi musu magana da shi."

Ya gwada. Washegari a gaban kowa ya shafa wuyan Kunkuru ya ce ma sha Allah, doki ya kai doki, ga ƙirji ga ƙafa, Allah ya sa albarka. Da tun farko ya faɗi haka, da an gama. Amma bayan kwana da kwanaki yana kushe, sai barga ta rabu biyu. Wasu suka ce na farkon ne gaskiya, wasu suka ce na biyun. Masu cewa na farkon ma ba su daidaita kan abin da na farkon yake nufi ba. Wani ɗan barga ya shigo shagona ya zauna yana yi min lissafin abin da yatsu har na kore shi. Mai Fenti ya kwana yana tunani, ya dawo da nasa bayanin: Baba ya ga asiri ya tonu ne, shi ne ya juya don ya rikita abokan karawa. Har hannu ya ba shi, ya ce tsufa bai taɓa basirarsa ba. Ya sake kiran likita, ta sake cewa ba ta ga komai ba, ya ce doki zai yi gudu.

Ni kaina a lokacin ban san me na yarda da shi ba. Idan na ga Baba ya kasa cin abinci sai in ce da gaske ne. Idan na ga Kunkuru yana dukan ƙasa da ƙafar nan ta hagu kamar ba tasa ba, sai in ce tsohon nan wasa yake da hankalinmu. Na yi wa Auta maganar, ya ce, "Yaya, ke ɗinki kika sani."

Ana gobe gasa na koma barga don gwajin ƙarshe. Auta yana tsaye sanye da rigar, ni ina bayansa da allurai a baki ina kama kafaɗa. Mai Fenti yana nan, 'yan barga suna nan. Baba ya shigo, bai ko dubi dokin ba.

"Alhaji, dokinka ne, ka yi yadda ka ga dama. Amma bari in gaya maka wani abu a kan mahayin."

Auta ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, yana jiran buhun siminti.

"Tun ina saurayi nake kallon mahaya a filin nan," in ji Baba, "ban ga mai hannu irin na yaron nan ba. Doki yana jin sa tun kafin ya taɓa linzami. Ba ya tsoro, ba ya gaggawa. Ya san inda zai riƙe doki, ya san inda zai sake shi. Ni a zamanina ban kai rabinsa ba."

 Ina riƙe da kafaɗar Auta, na ji ta sandare a hannuna. A kan dokin Baba ya faɗi wannan ya faɗi wancan, kowa ya zaɓi wanda ya yi masa. A kan Auta kuwa tun yana rarrafe magana ɗaya ake ji, sai yau. Mai Fenti ya daina kaɗa makulli. Ya dubi Auta, ya dubi Baba, ya yi gyaran murya.

"Tunda kai da ka haife shi ka faɗi haka, Baba, ni wane ne." Ya juya ya ce a kira masa wani tsohon mahayi da ake kira Sanda, shi zai hau.

Auta ya cire rigar a hankali saboda allurai, ya ninke ta ya miƙo min. "Yaya, ɗinki ya yi kyau," ya ce, ya fita. Har yau ban san ko yabo ne ko me ba.

Na ji haushin Baba a ranar kamar in yi ihu. Ya san sarai abin da maganarsa za ta jawo, shi ya sa ya faɗe ta. Amma kuma na san bai taɓa ƙarya ba. Ke nan abin da Auta ya yi shekaru yana jira ya ji, ya ji shi, a gaban mutane, kuma da shi aka sauke shi daga kan doki. Da yamma Mai Fenti ya aiko a buɗe rigar don Sanda ya fi faɗin kafaɗa. Na zauna na warware ɗinkin da na yi wa ƙanena ina share hawaye da bakin mayafi.

Ranar gasa Baba bai hau inda ake kallo ba. Bayan rumfa ya tsaya, ya juya wa fili baya ya rufe ido. Ni na kalla. Kunkuru ya zauna a tsakiya har kwanar ƙarshe, sannan ya fito ta waje ya wuce su ɗaya bayan ɗaya, ya ci da rata mai yawa. Ya dawo yana taku lafiya lau, ko alamar ɗingishi babu. Mutane suka yi ta zuwa suna gaishe da Baba. Wai kushensa bai taɓa faɗuwa ƙasa ba. Wai ga mutum mai amana, ɗansa na cikinsa ma bai rufa masa ba. Shi dai ya ratsa su ya shiga barga ya durƙusa ya kama ƙafar, ya ji ta da sanyi. Haka ya yi ta zuwa kowace safiya yana taɓawa. Kunkuru ya ƙara shekaru yana gudu, har aka ajiye shi da ƙafafunsa huɗu lafiya.

Auta kuwa babu mai dokin da ya sake ɗora shi. Wa zai ɗauki mahayin da Baba Kushe ya yaba? Ya tattara sirdinsa ya koma wani fili a gari mai nisa, inda ba a san bakin Baba ba. Yana kiran Inna, yana kirana, amma idan aka ce ga Baba sai ya ce caji ya ƙare. Wata rana na ce masa, "Auta, abin da ya faɗa fa har zuciyarsa ne."

"Wanne, Yaya? Cewa ni gwani ne, ko cewa a sauke ni?"

"Duka biyun."

"To ni wanne zan riƙe?"

Na ajiye wayar. Na kai wa Baba tawa tambayar, na ce zafin nan, da gaske akwai shi? Ya buɗe tafin hannunsa ya daɗe yana kallo.

"Na ji shi," ya ce. "Amma duk ƙafar dokin da na taɓa a baya, ba ɗana ne zai hau ba. Ban sani ba, ko a ƙafar yake, ko a hannuna."

Daga nan ya fara janyewa daga aikin. Duk wanda ya zo sai ya ce masa hannunsa ya lalace, kada a dogara da shi. Ai kuwa sai layi ya ƙaru a ƙofar gida, wai Baba ya kushe hannunsa, ashe yanzu ne hannun ya ƙware.

Shekaru suka wuce a haka. Kwanakin baya Auta ya turo min bidiyon wata gasa da ya ci a can. Na ɗauki wayar na kai gida, na samu Baba a kan tabarma, Inna tana gefe. Ya sa gilashinsa ya kalla har ƙarshe, ya ce in mayar, ya sake kallo, ya ce in mayar. Na ga bakinsa yana motsi ba abin da ya fito. Sai a lokacin na gane halin da yake ciki: yabon ya riga ya yi amfani da shi sau ɗaya, ya ga abin da ya yi.

Can ya cire gilashin ya goge ido da hannun riga. "Har yanzu kamar buhun siminti," ya ce. "Dubi gwiwar hannunsa."

Na fita soro na kira Auta. Ya ce, "Ya gani? Me ya ce?" Na maimaita masa. 

"Da bakinsa ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"Buhun siminti ya ce?"

"Har da gwiwar hannu."

Na ji ya ja hanci. Ya ce in gaya wa Inna yana nan tafe ƙarshen mako.

Na koma ciki na faɗa. Inna ta rufe fuska da zane. Baba ya ɗaure fuskar nan tasa ta kullum ya ce, "Me zai zo yi? Mu ma gidan ya yi mana kaɗan." Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya tambayi Inna ina ta ajiye makullin ɗakin Auta, ya ɗauki tsintsiya.